Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: Tsutsar da ke shanye jinin tumaki da awaki a tsakiyar damina

A ƙa'ida, watan Agusta ne ya kamata ya zama watan hutun mai kiwon tumaki da awaki. Marka ta kankama, ciyawa ta yi shar a ko'ina, kuɗin dusa da harawa da suka tatike aljihu a bazara sun ragu. Amma a gidaje da rugage da dama, tun daga ƙauyukan Kwali da Abaji a Babban Birnin Tarayya har zuwa Funtuwa da Haɗeja, a wannan lokaci ne aka fi jin cewa akuya ta kwana tana tuƙa, an wayi gari ta kasa miƙewa, ko ɗan rago ya faɗi a hanyar dawowa daga kiwo, an yi maza an sa masa wuƙa kafin ya zama mushe.

Idan aka yanka irin wannan dabba, jininta kan fito tsararo kamar an sirka shi da ruwa, naman kuma ya yi fari, ya yi laɓo-laɓo. Mai ita kan ce iska ce ta buge ta, ko ta ci muguwar ciyawa, ko maciji ne. Sau da yawa kuwa ainihin mai laifin yana nan kwance a cikin kayan cikin da aka wanke aka jefa a tukunya, wato wata siririyar tsutsa da likitocin dabbobi ke kira Haemonchus contortus.

Abin bai tsaya ga gida ɗaya ko biyu ba. Ƙididdigar aikin gona ta ƙasa ta 2011 ta nuna cewa Najeriya na da awaki miliyan 72.5 da tumaki miliyan 41.3. Mafi yawansu ba a manyan gonaki suke ba, a hannun talakawa suke, musamman matan aure da ke kiwon biyu ko uku a bayan ɗaki. Su ne asusun da ake fasawa idan kuɗin makaranta ya taso, ko za a yi wa 'ya kayan ɗaki, ko rashin lafiya ta shigo gida. Mutuwar akuya guda mai ciki a irin wannan gida na iya rushe lissafin shekara.

Tsutsa mai shan jini

Cikin tunkiya da akuya kashi huɗu ne. Wannan tsutsa ba ta zama a tumbi, a kashi na huɗu take zama, wanda abinci ke bi kafin ya shiga hanji. Tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kaurinta kamar zaren ɗinki. Duk wanda ya ɗauki macen ya duba da kyau zai ga kamar an tufka jan zare da fari: jan shi ne hanjinta cike da jinin dabba, farin kuwa mahaifarta ce cike da ƙwai. A bakinta akwai ɗan tsinke da take tsaga bangon cikin dabbar da shi ta sha jini, idan ta matsa gaba kuma wurin ya ci gaba da tsiyaya.

An ƙiyasta cewa kowace tsutsa guda na jawo asarar jini kimanin mililita 0.05 a rana. Adadin ya yi kama da abin rainawa, sai an yi lissafi. Tsutsa 1,000 na nufin mililita 50 a kullum, 5,000 kuwa mililita 250, wato rabin ledar fiya-wata. Tunkiya mai nauyin kilo 30 duk jinin jikinta bai wuce lita 2 ba, kimanin leda huɗu ke nan. Jiki yana ƙoƙarin ƙera sabon jini, amma idan ɗiban ya fi zubin yawa, ƙarshen abin a bayyane yake.

Wajen haihuwa ma ba ta da sauƙi. Mace guda na iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan na fita tare da kashin dabba, idan ya samu ɗumi da laima ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 4 zuwa 6 'ya'yan su kai matakin kama wata dabba. Sukan bi laimar raɓa ko ruwan sama su hau ganyen ciyawa, galibi ba sa wuce santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Dabba ta haɗiye su da ciyawa, bayan kimanin mako uku su ma su fara zuba nasu ƙwan. Ta haka filin da ya yi kama da ni'ima a watan Yuni kan zama tarko a Agusta da Satumba.

Wani zai tambaya, to ina tsutsar take shiga da rani, alhali zafin rana da iskar hunturu na busar da duk abin da ke kan ƙasa? Binciken da masana suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina kan dakatar da girma, su lafe a bangon cikinta har tsawon watanni. Da damina ta matso sai su farka su balaga. Ke nan dabbar da kanta ce ke goye da irin da za a shuka a filin kiwo na shekara mai zuwa. A yankunan da damina ta fi tsawo, irin su Abuja da Nasarawa da Neja inda ruwa ke kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, tsutsar na samun zagaye masu yawa fiye da yadda take samu a Katsina ko Yobe.

Wadda ake gani da wadda ke kisa

Abin da ke yaudarar masu kiwo shi ne, idan an ce tsutsar ciki, hankali kan tafi ga tsila, wadda ake ganin gutsattsarinta farare kamar ƙwayar shinkafa a cikin kashin 'yan tumaki. Ganinta na tayar da hankali, amma ɓarnarta kaɗan ce idan aka kwatanta. Ita kuwa mai shan jinin ba a ganin ƙwanta sai da madubin likita, kuma sau da yawa ba ta sa zawo. Dabba na iya yin kashinta ƙwaya-ƙwaya yadda aka saba alhali jininta na ƙarewa. Wanda ke jiran ya ga zawo kafin ya nemi magani zai iya jira har dabbar ta faɗi.

Alamominta na gaskiya su ne kasala, da zama a bayan garke idan ana tafiya, da haki bayan ɗan gudu kaɗan, da ramar da ba ta dace da yawan ciyawar da ake ci ba. Gashi kan yi burtsatse, nonon uwa ya ragu. Idan abin ya yi nisa sai wani kumburi mai taushi ya fito a ƙarƙashin haɓa, wanda ruwa ne ya taru saboda sinadarin gina jiki ya yi ƙaranci a cikin jini. Wasu kan tsaga wurin ko su yi masa lalas, alhali ciwon ba a nan yake ba.

Ba duk dabbobi ne haɗarinsu ya zo ɗaya ba. 'Yan tumaki da 'yan awaki da aka yaye, har zuwa kimanin shekara guda, su ne suka fi faɗuwa domin garkuwar jikinsu ba ta yi ƙwari ba. Sai uwaye, daga kimanin mako biyu kafin haihuwa zuwa mako shida ko takwas bayanta, lokacin da garkuwarsu ke yin rauni, ƙwan tsutsa ya ƙaru a kashinsu daidai lokacin da 'ya'yansu ke koyon cin ciyawa. Akuya kuma ta fi tunkiya rauni a wannan fanni. Ita a halittarta mai cin ganyen sama ce, tana miƙewa ta kamo reshe, don haka jikinta bai saba yaƙi da tsutsar ƙasa ba. Da zarar damina ta faɗi aka ɗaure ta a turke don kada ta shiga gonar mutane, an tilasta mata cin gajeriyar ciyawa a wurin da take kashi.

Ya kamata kuma a sani cewa ba ita kaɗai ke jawo ƙarancin jini ba. Dabbobin da ke kiwo a fadama da bakin tafki, irin na dausayin Haɗeja da Nguru ko gaɓar Tafkin Chadi, na kamuwa da tsutsar hanta wadda wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa ke yaɗawa, ita ma tana kawo farin ido da kumburin haɓa. Akwai sammore a yankunan ƙudan tsando, akwai kaska da ƙwarƙwata da ƙuma. A birane kuma akwai ledar da dabbobi ke ci a bola, wadda ke cunkushe tumbi ta hana abinci amfani. Shi ya sa idan an ba da maganin tsutsa ba a ga sauƙi ba, komawa ga likitan dabbobi ya fi ƙara wani maganin a kan jahilci.

Labarin ciki a tambayi ido

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan ciwo, labarin ciki ido ake tambaya. A shekarun 1990 wani likitan dabbobi a Afirka ta Kudu, Dokta Faffa Malan, tare da abokan aikinsa Gareth Bath da Jan van Wyk, suka fito da wata dabara mai sauƙi da aka sa wa suna FAMACHA, daga haruffan sunan shi Malan. Ɗan kati ne mai launi biyar, daga ja jawur zuwa fari fat. Ana danna fatar idon dabba ta sama a hankali, a jawo ta ƙasa, a kwatanta launin naman cikinta da na katin, a cikin hasken rana.

Lamba 1 da 2 ja ne, jinin dabbar ya wadata, ba ta buƙatar magani. Lamba 3 ruwan hoda ne, tana kan iyaka. Lamba 4 da 5 sun koma fari, dabbar na cikin haɗari. An auna launukan ne da gwajin jini: a lamba 1 jajayen ƙwayoyin jini sun kai kashi 28 cikin 100 ko fiye, a lamba 5 kuwa sun faɗi zuwa kashi 12 ko ƙasa da haka. Ƙa'idar ita ce a ba masu lamba 4 da 5 magani nan take, a haɗa da masu lamba 3 idan ƙanana ne, ko masu ciki, ko masu shayarwa. Da damina ana duba garken duk bayan mako biyu zuwa uku.

Daga baya Bath da van Wyk suka faɗaɗa dabarar zuwa duba wuri biyar a jikin dabba: ido don jini, haɓa don kumburi, gadon baya don rama, gindin wutsiya don zawo, hanci don majina. Duka ba ya cin minti guda a kan kowace dabba, kuma babu abin da ke cikinsa da matar da ke kiwon awaki uku a bayan ɗaki ba za ta iya koya ba.

Hikimar da ke bayan wannan tsari ita ce, tsutsa ba ta rabuwa daidai a cikin garke. Kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na dabbobin ne ke ɗauke da kashi 70 zuwa 80 na tsutsar. Idan aka gano waɗannan aka yi musu magani, an rage kashe kuɗi, an kuma kauce wa wata babbar matsala da ke tafe.

Lokacin da magani ya daina ci

Magungunan tsutsa da suka cika kasuwannin dabbobi irin su Maigatari da Illela da Potiskum da Dei-Dei sunayensu da kwalabensu sun yi yawa, amma akasarinsu gida uku ne. Akwai gidan albendazol, wanda ke zuwa a farin ruwa ko manyan ƙwayoyin da ake ɗura wa dabba. Akwai gidan lebamisol. Akwai kuma gidan ibamektin, wanda makiyaya da yawa suka fi sani da sunan Ivomec. Wanda ya sauya kwalba bai sauya gida ba, bai sauya komai ba.

Tarihin waɗannan magunguna darasi ne. Na farko a gidan su albendazol ya fito a 1961, kafin shekara uku ta cika aka fara samun tsutsar da ba ya kashewa. Ibamektin ya shiga kasuwa a 1981, har ya kai ga masana biyu da suka gano asalinsa, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun samu kyautar Nobel a 2015. Amma tun kafin shekarun 1980 su ƙare, an riga an samu tsutsar tumaki a Afirka ta Kudu da ta gagare shi. Wani sabon magani mai suna monefantel da aka fitar a New Zealand a 2009 shi ma bai wuce shekara huɗu ba aka ba da rahoton tsutsar da ta fi ƙarfinsa.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. A cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da halittarsu ke jure magani. Duk lokacin da aka ɗura wa garke gaba ɗaya, masu rauni su mutu, masu taurin su saura su hayayyafa. Idan ana maimaita haka kowane wata, ba a jimawa sai filin ya zama nasu. Dabbobin masu lafiya da aka bari ba a ba su magani ba, su ne ke ci gaba da zuba ƙwan tsutsa mai jin magani, wadda ke cakuɗa da mai taurin ta rage mata yawa. Wannan ne ya sa masana ke gargaɗi game da ɗura wa kowa da kowa a tsakiyar rani, lokacin da babu tsutsa a fili, domin duk wadda ta tsira a ciki ita kaɗai za ta haifi tsarar damina mai zuwa.

Sai kuma batun awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wajen magani kimar ido na yin ɓarna. Ana ba da maganin ne gwargwadon nauyin dabba, kuma wanda ya gaza awo yana horar da tsutsa ne kawai. Akuya na narkar da magani da sauri fiye da tunkiya, don haka likitoci kan ƙara mata awo, galibi ninki biyu a albendazol da ibamektin na sha. Lebamisol kuwa tazarar da ke tsakanin awon magani da na guba kaɗan ce, ƙarinsa ba aikin ka-ci-ka-ci ba ne. Ba a kuma ba dabba albendazol a farkon ciki, domin yana iya jawo ɓari ko nakasa ga ɗan tayi. Ga jabun magani da wanda ya kwana a rana a kan tebur a kasuwa, shi ya sa duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ya zama wajibi.

Akwai hanyar sanin ko magani na aiki. Ana kai kashin dabbobi ɗakin gwaji a ƙirga ƙwan tsutsa kafin a ba da magani, a sake kaiwa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, akwai alamar tsutsar garken ta fara gagarar wannan gidan magani. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Abuja, na iya irin wannan gwaji.

Masu kiwon ragon layya na da nasu ƙarin nauyi. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa a farkon damina, ranar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025. Kowane magani na da wa'adin da ake jira kafin a ci naman dabba ko a sha nononta, kuma na allurar ibamektin kan kai makonni. Wanda ya yi wa rago allura ana saura kwana uku Sallah don ya yi sheƙi, ya tura ragowar maganin cikin tukunyar mai saye.

Abin da ba a saye a kwalba

Rabin yaƙin a filin kiwo da wurin kwana ake yin sa. A ƙasa mai zafi 'ya'yan tsutsa ba sa daɗewa a kan ciyawa, mafi yawansu na mutuwa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Saboda haka mai ɗaure dabba a turke, idan yana matsar da shi duk bayan kwana uku ko huɗu, kafin ƙwan da aka zubar ya kai matakin kamu, kuma bai komo wurin ba sai bayan wata guda ko fiye, ya rage kamuwa ƙwarai. Jinkirta fita kiwo har raɓa ta bushe na taimakawa. Mai yanko ciyawa ya yanke ta sama-sama, daga wurin da tumaki da awaki ba sa kiwo, ya rataye ta ko ya zuba a kwami mai tsayi maimakon watsawa a ƙasa. Share wurin kwana kullum da tara takin a gefe har ya ruɓe na kashe ƙwan da zafin ruɓewar.

Abinci ma magani ne. Dabbar da ke samun abinci mai gina jiki, irin su harawar wake da ta gyaɗa, da angurya, da 'ya'yan gawo, ta fi iya mayar da jinin da ta rasa da kuma korar tsutsa da kanta. Uwaye masu shayarwa da 'ya'yan da aka yaye su ya kamata a fara fifitawa. Wadda idonta ya riga ya yi fari kuwa, bayan magani a bar ta a inuwa da ruwa da abinci, kada a kora ta kiwo mai nisa, domin gudu kaɗai na iya kashe ta. Jininta kan ɗauki makonni kafin ya dawo.

Makiyaya sun daɗe suna jiƙa sassaƙen maɗaci da ganyen darbejiya da shuwaka, suna kuma ba da kanwa. Masana sun tabbatar cewa tsirrai masu ɗacin bauri, irin na bagaruwa, na iya rage yawan tsutsa. Sai dai ƙarfinsu kan bambanta daga bishiya zuwa bishiya, kuma dabbar da ta kai lamba 4 ko 5 ba ta da lokacin jiran jiƙo.

Akwai kuma zaɓen iri. Farfesa Samuel Chiejina na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nazarin gajerun awakin kudu, suka nuna cewa suna da juriya ta halitta ga wannan tsutsa. A Kenya an san jar tunkiyar Masai da irin wannan baiwa. Darasin ga mai kiwon 'Yankasa ko Uda ko Balami ko jar akuyar Sakkwato shi ne, juriya gado ce. Dabbar da kowane zagaye sai an ba ta magani ita ce ta sayarwa ko yanka, wadda idonta ke zama ja duk damina ita ce ta ajiye iri, musamman rago ko bunsurun da zai yi barbara. Sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta, a yi mata magani, ta yi kwanaki a keɓe kafin ta shiga garke, don kada a sayo tsutsa mai taurin kai da kuɗin aljihu.

Inda hukuma za ta shigo

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya a kan shanu da burtali da rikicin manoma da makiyaya take. Tumaki da awaki, waɗanda a ƙididdigar 2011 suka ninka shanu fiye da sau biyar, ba kasafai ake ambatonsu ba.

Ƙasar ba ta rasa cibiyoyin da za su ɗauki aikin ba. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta faro tun 1924, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya. Abin da wannan matsala ke nema ba gini ba ne ko injin da za a yi odarsa daga waje. Katin launin ido ne da bayani a Hausa da Fulatanci, da malaman dabbobi da za su koya wa mata da matasa amfani da shi a ranar kasuwa ko ranar rigakafi, da sikelin rataye a shagon mai sayar da magani, da gwajin kashi lokaci-lokaci don kowace jiha ta san gidan maganin da ke ci a yankinta da wanda ya mutu.

Kafin hakan ta samu, mai dabba na da abin da zai fara da shi gobe da safe ba tare da ya kashe ko sisi ba: ya fito da dabbobinsa hasken rana ɗaya bayan ɗaya, ya jawo fatar idon kowace, ya ware masu farin ido ya kai su ga likita.